Ruwan Ɗanwake a Gindin Maina

Fanna mai ɗanwake maƙwabciyata ce a unguwar Dogo Nini da ke Potiskum, katanga ɗaya ta raba mu. Rabin labarin nan daga bakinta na ji, rabi kuma da idona na gani. Wanda ya ga dama ya ce tatsuniya ce. Ni dai tun daga lokacin ko ragowar shayi ba na watsarwa ƙasa sai ya huce.

A bayan unguwarmu akwai wani kwari da ruwan damina ke ci kowace shekara, har ya fara lasar katangun mutane. Da can itatuwa ne cike da wurin, manya-manya, amma duk sun tafi murhu, kuma ba baƙo ne ya sare su ba, mu ne. Shi ya sa ƙungiyarmu ta matan unguwa ta samo dashen maina, wadda wasu ke ce wa darbejiya, muka jera a bakin kwarin, muka kewaye kowace da ƙaya saboda awaki. Ruwa kuwa a bazarar Potiskum ai kun san halinsa. Sai muka yi dabara, kowane gida ya ajiye bokiti, ruwan alwala da na wankin shinkafa a tara a ciki, da la'asar a kai wa dashen. Yakaka, tsohuwar da ke shugabantarmu, ita ta kafa mana doka: ruwa ya zama mai sanyi, kuma a gama bayarwa kafin rana ta faɗi.

Ta can ƙarshen layi, inda ba kowa ke son takawa ba, ita ce bishiyar Yakaka. Da sunan ɗanta Adamu ta dasa, wanda ya rasu a hatsarin mota, don ladan inuwar ya riƙa isa gare shi. Da ciwon gwiwa ya kwantar da ita, sai ta damƙa amanar a hannun Fanna.

Fanna ba muguwa ba ce, wallahi. Hidima ce ta sha mata kai: ga tukunya, ga masu saye, ga goyon 'yarta Khalida. Kwana da kwanaki ba ta leƙa wurin ba. Amma duk sanda ta wuce ƙofar Yakaka sai tsohuwar ta ɗago daga tabarma ta ce, "'Yata, kin ba Adamu ruwa?"

Ita kuma ta ce, "Na ba shi, Kaka," ta ƙara sauri, kunya na cin ta.

Ranar da abin ya faru, Yakaka ta tsayar da ita da murmushi. "Gwiwar ta ɗan saki. Gobe in Allah ya kai mu zan sa a ɗauke ni a keke in je in gan shi."

Fanna ta juya da sauri. Ta koma gida ta tarar awaki sun ture bokitin alwala. Layin rijiyar burtsatse kuwa ya kai bakin titi, rana ta yi ja. Sai idonta ya sauka a kan tukunyar ɗanwake da ta sauke ba da jimawa ba, ruwan fal da kanwa, yana ta huci. Ta ce a ranta, ai ruwa ruwa ne, kafin in kai ya huce. Ta juye a bokitin fenti, ta danna murfi don kada ya fallatso wa yarinya, ta gyara goyo, ta kama hanya. Murfin nan shi ya hana ruwan shan iska.

Da ta wuce gida na ƙarshe sai ta ji garin ya yi baya. Ƙarar tireloli daga babban titi ta dawo can nesa-nesa. Ƙaurin hayaƙin girki ya ƙare, sai ƙamshin busasshiyar ƙasa da ɗacin ganyen maina. Ba kowa a bakin kwarin, sauran mata tuni sun bayar sun tafi, gindin kowace bishiya da danshinta.

Ban da ta ƙarshe.

Bishiyar ko ƙugun Fanna ba ta wuce ba. Ganyenta ya langaɓe, ƙasar gindinta ta tsattsage. Amma ta ce abin da ya ba ta mamaki, an share gindin tas, kamar yadda mace ke share wurin da za ta shimfiɗa tabarma. Ba ta tsaya tunani ba. Ladan ya fara gyara murya a lasifika. Ta ɓalle murfi, ko bisimilla ba ta yi ba, ta sheƙa ruwan gaba ɗaya.

Tururi ya tashi ya doke ta a fuska.

Sai ihu.

Ihun jariri ne, siriri, daga gindin bishiyar, inda ba komai sai jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ta kai hannu baya ta taɓa Khalida. Barci take yi, numfashinta lafiya lau.

Ihun ya ƙaru, sannan ya yanke tsaf.

Tsuntsaye suka yi shiru. Ko kiran sallar ta daina ji. Wani wari ya taso, irin na gashin da ya taɓa wuta.

A bayanta ta ji an ja numfashi.

"Ke kika zuba?"

Raɗa ce, muryar mace, a daidai kunnenta. Fanna ta juyo a hankali. Wata doguwar mata ce a tsugune a bakin kwarin, amma a tsugunen ma ta fi ta tsayi. Mayafinta kalar toka. Tana rungume da wani abu a ƙirji, tana hura masa iska da baki, fuu, fuu, yadda muke yi wa yaro in ya taɓa garwashi.

"Ban... ban san da kowa ba," in ji Fanna.

"Duk inuwar wurin nan kun kai murhu," matar ta ce, ba ta ko ɗaga murya ba. "Muka yi shiru. Wannan 'yar ƙaramar kaɗai na samu inda ƙafa ba ta yawa, na kwantar da shi."

Fanna ta so ta yi a'uziyya, bakinta ya ƙi buɗuwa.

Matar ta miƙo hannu ba tare da ta tashi ba. Hannun ya yi ta zuwa. Ya wuce kafaɗar Fanna, ya sauka a bayan Khalida, a hankali, kamar mai lallashi.

"Abin da nawa ya ji, taki za ta ji. Har sai inuwarsa ta dawo."

Goyon ya ɗau zafi nan take, har ta cikin zani.

Sai kiran sallah ya dawo kunnenta kamar an buɗe ƙofa. Ta yar da bokiti ta zura da gudu, ƙaya na yagar mata ƙafa, takalmi ɗaya ya tsaya a can. Ba ta waiwaya ba. Amma har ta iso gida na farko tana jin fuu, fuu a bayanta.

A tsakar gidana ta zube. Ni na kwance mata goyon, kuma na rantse da Allah sai da na janye hannuna, yarinyar nan kamar dutsen guga. Ba ta kuka, idonta a buɗe, leɓenta a bushe. An kai ta asibiti, an yi gwaji, an ba da magani, malamai sun yi addu'a. Zazzaɓin ya ɗan sauka da safe, rana na ɗagawa ya dawo.

A safiyar nan Yakaka ba ta kai ga hawa keken ba, Fanna ta riga ta. Ta durƙusa a bakin tabarmarta ta zayyana komai, har ƙaryar da ta yi ta yi mata. Ina tsaye a wurin. Hawaye suka bi kuncin tsohuwar.

"Kullum ina kwance ina ce wa kaina Adamu ya sha ruwa," ta ce. "Da kin ce min ba ki da hali, 'yata, ai da na roƙi wata."

Fanna ta ce da marinta aka yi da ya fi mata sauƙi.

Yakaka ta share fuska da bakin mayafi. "Tawa na yafe. Tashi, ki kira min mata."

Muka fita da hantsi, har da waɗanda ba sa ga maciji da juna. Bishiyar ta zubar da ganye, ta zama tsinke. Muka yi sallama kafin mu matsa, ba wadda ta yi dariya. Muka kwashe ƙasar da kanwa ta ci da hannu, a hankali don kada saiwa ta tsinke, muka zuba sabuwa da taki. Muka kafa zana ta yi wa wurin rumfa. Kowane gida ya rage daga ruwan randarsa ya kawo. Fanna ta rufe sana'a, safe da la'asar tana can, ta tsoma gwiwar hannu a bokiti ta ji sanyinsa kafin ta zuba.

Khalida kuwa ta yi ta ramewa. Uwarta ta duba tsinken nan, ta dawo ta duba 'yarta, ta rasa wanne za ta yi wa kuka.

Wata safiya Fanna ta shigo min ba ko sallama, ta ja ni har bakin kwari. A can ƙasan kututturen, wani ɗan tsiro ne ja-ja, bai kai farce ba. Da muka dawo gida muka tarar Khalida ta jiƙe sharkaf da gumi, tana kukan yunwa.

Yanzu bishiyar ta wuce tsayin katanga, ita ta fi duk na layin inuwa, amma ba mai zama a ƙarƙashinta. Yakaka ta samu ta gan ta da ganye kafin ta rasu. Khalida ta yi wayo, tana surutu kamar rediyo, sai dai a tsakiyar bayanta akwai tabo fari-fari irin na ƙuna, ita da ruwan zafi bai taɓa taɓa ta ba.

Mutane na cewa Fanna ta auna arziki, 'yarta ta tashi. Ita kuwa abin da ke hana ta sukuni daban ne: tun ranar ba ta sake jin kukan ɗan matar nan ba, kuma ba wanda za ta tambaya ko ya rayu.

Kwanan baya na raka ta ban ruwa da la'asar, Khalida na riƙe da zaninta. Fanna ta yi bisimilla, ta karkata bokiti. Sai yarinyar ta ja ta, idonta a gindin bishiyar, inda aka share tas.

"Umma, ki zuba a hankali," ta ce. "Ya ce bayansa bai gama warkewa ba."