Kindirmon Inna Zulai

Hantsi bai gama ɗagawa ba Fiddausi ta fito bakin titin Bodinga, tana tafiya kamar mai tausayin ƙasa, hannunta ɗaya cikin hijabi dafe da gefen cikinta na dama. Ba a daɗe da yi mata aiki a Sakkwato ba, aka cire mata maɗaciya da ta cika da tsakuwa. Da za a sallame ta likita ya kafa mata doka ba wasa: ta bar maiƙo, ta rage ƙiba, ta riƙa tattaki kullum, don kitse ya fara taruwa a hantarta, ga ɗinki yana son lallaɓawa. Ita kuwa da can ko masa ba ta iya ci sai ta yi iyo cikin man shanu.

Wani babur ɗauke da jarkokin madara ya wuce ta, ya ɗan yi gaba, ya juyo. Saurayi ne dogo, baƙi, mai fara'a.

"Malama, lahiya? Na ga kamar ba ki jin daɗi. Hau in kai ki gida."

"Na gode. Tahiyar ita ta maganin, likita yac ce in yi."

"To wanga likita bai da tausai. Sunana Maniru, daga Shagari. In kin yarda in kashe mashin in tura shi, mu sha maganin tare."

Dariya ta taso mata, ɗinki ya ce bai san zancen ba. Ta cije leɓe ta ce, "Don Allah bari ba ni dariya, ciwo nike ji."

Haka ya tura babur har ƙofar gidansu yana gumi, madarar mutane tana jira a rana. Tana shiga soro ta waiwaya, ta ga har yanzu yana tsaye, sai ta ji wani abu ya motsa a ƙirjinta da ba ruwansa da aikin likita.

Daga ranar Maniru ya zama ɗan gida. In ya sauke madara wurin mai yogot ɗin da yake kai wa, sai ya biyo. Samarin garin tsire da kilishi suke kai wa 'yan mata, shi kuwa gwanda yake riƙowa da kankana da danyen zogale, abokansa na yi masa tsiya wai akuya yake nema. Bai damu ba. In bai samu zuwa ba, waya ce ke aiki.

"'Yar Tattaki, yau mi kika ci? Kada ki ɓoye mani, ina jin ƙamshin ƙosai ko ta waya."

"Na-Shagari, dafaffen wake da zogale, ba mai ko ɗis. Ina ci ina tuna masa, har da hawaye."

"Yi haƙuri zuciyata. Ke dai ki warke, ni ko ƙashi kaɗai kika rage ina son abina."

Ta kuwa rame. Kumatun nan suka zube, zannuwa suka yi mata yawa, amma numfashinta ya yi sauƙi, likita ya ce ta ci gaba a haka. Gefe ɗaya na ɗinkin ne kawai ya ƙi kamewa da wuri.

Matsalar a Shagari take. Mahaifiyar Maniru, Inna Zulai, mace ce da ta tashi cikin shanu ta tsufa cikinsu, ana zuwa neman man shanunta tun daga Kajiji. A wurinta lafiya ita ce jiki ya cika, ƙauna kuma ita ce ka cika wa mutum ƙwarya. Ranar da Maniru ya nuna mata hoton Fiddausi a waya, sai ta nisantar da wayar daga idonta ta sake dubawa.

"Wagga? Wagga da iska ka iya ɗauka? An tsage mata ciki, ba ta cin mai, ba ta shan kindirmo. Gidan shanu za ka kawo wadda ba ta shan nono? In Allah ya ba ta ciki, da wane ƙarhi za ta haihu?"

"Inna, likita na ya hana ta."

"Likita ya haihe ka? Ga Ramla nan gabanka, ɗiyar ƙanena, cikakkar mace, ka tsallake ta ka tahi Bodinga neman tsinke."

Ramla tana bakin murhu tana jin komai, tana murmushi ƙasa-ƙasa.

Maniru ya yi ta magiya har Inna ta ce to, za ta aika dubiya ta gani. Ta cika ƙwarya da kindirmo mai kauri, ta cika kwalba da soyayyen man shanu, ta ba Ramla ta kai. Umma, mahaifiyar Fiddausi, ta karɓa da godiya mai yawa. Da baƙuwa ta fita, sai ta yi abin da kowace uwa za ta yi da abin arziki da mai shi ba zai ci ba, ta raba wa maƙwabta su sa albarka. Abin da ba su sani ba, Ramla ta tsaya salla a gidan da ke jikin nasu, aka shigo da kindirmon a gabanta.

Kafin la'asar labari ya isa Shagari, ya kuma yi ƙiba a hanya. Wai ko faifan ƙwaryar Fiddausi ba ta ɗaga ba, wai ta toshe hanci. Sai ga saƙon Maniru.

"Fiddausi, Inna ta yi hushi ƙwarai, ta ce kin rena hannunta. Ta ce kada in sake yi mata zancenki. Da ko ludayi ɗaya kin kurɓa gaban Ramla, da duk haka ba ta faru ba."

Ta karanta, ta sake karantawa. Shi da ya san komai, shi da ke kawo mata zogale, yau shi ke cewa da ta kurɓa. Kuma yau babu 'Yar Tattaki, babu zuciyata. Ta kife wayar ta yi kuka mai isarta, ba ta ba shi amsa ba. Ya kira ya kira, ta ƙi ɗauka. Tana son sa, ita ta san tana son sa har ba ta iya tuna yadda take kafin shi, shi ya sa maganar ta yi mata zafi haka.

Bayan 'yan kwanaki wani saƙon ya shigo.

"Zuciyata, ki gahwarce ni, ɓacin rai na. Na roƙi Inna har ta ce gobe za ta zo da kanta ta gan ki. Ki yi mata bayani, kada ki ci abin da zai cuce ki."

Uwar saurayi ta tako da ƙafarta gidan budurwa, ai ba ƙaramin abu ba ne, kuma ta san ba hannu biyu za ta zo ba.

Washegari da azahar Inna Zulai ta yi sallama, Ramla na biye da ita ɗauke da kaya. Aka shimfiɗa tabarma, aka gaisa, aka sake gaisawa. Fiddausi ta durƙusa a gefe kanta a ƙasa, tana jin idon tsohuwar na auna ta daga wuya zuwa tsintsiyar hannu. Inna ba ta yi dogon zance ba. Ta buɗe ƙwarya, ta marmasa fura cikin kindirmon da ko motsi ba ya yi don kauri, ta dama da hannunta. Ta buɗe kwanon tuwon dawa da miyar kuka, ta tuttula man shanu har ya kwanta a sama. Sannan ta tura gabanta.

"Bisimilla, yarinya. An ce mani hannuna bai yi maki ba. Na ce bari in zo in gani da idona."

Umma ta gyara zama. "Hajiya, ai likita..."

"Umma, ƙyale," in ji Fiddausi a hankali.

Ta dubi man nan yana sheƙi. Ta san abin da zai yi mata, don ta taɓa satar ƙosai ɗaya bayan aikin, ta wuni tana murƙususu. Amma ta san kuma in ta mayar da wannan kwano, Inna za ta naɗe tabarmar zancen ta koma Shagari, Maniru kuwa ba zai taɓa tsallake maganar uwarsa ba. Ga Ramla ta zuba mata ido tana jira.

Ta yi bisimilla ta kai loma. Ta ƙara. Ta ci tuwon sosai, ta ɗauki ludayi ta sha furar har ƙwarya ta yi ƙasa. Fuskar Inna ta ɗan saki.

"To, ashe dai kina ci."

Ba a kai ga yin sallama ba ciwon ya zo. Ya fara kamar an ɗaure mata ciki da igiya, sannan ya soke ta har baya. Ta so ta daure har baƙi su tafi, gumi ya tona mata asiri. Ta miƙe za ta shige ɗaki, amai ya ƙwace mata, ta yi ta yunƙuri har ta durƙushe. Da Umma ta ɗaga rigarta, sai ga gefen ɗinkin nan ya buɗe, jini na tsattsafowa.

Salati Inna Zulai ta saka. Ita ta riga kowa cire mayafinta ta danne wurin, ita ta rungume kan Fiddausi a cinyarta cikin keke napep har asibiti, tana ta faɗin, "Sannu, sannu, kama ni da kyau." Ramla ce ta kira Maniru.

Ya iso a birkice lokacin an sa mata ruwa an gyara ɗinkin. Likitar da ta duba ta, wata mace mai faɗa, ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya ba ta maiƙo? Ba a gaya maku ba? Kuna son a mayar da ita tiyata?"

Inna ta buɗe baki, Fiddausi ta riga ta.

"Ni na ci da kaina, likita. Kwaɗayi na. Ba wanda ya sa ni."

Likita ta yi mata faɗa tas, Fiddausi ta haɗiye. Da likitar ta juya za ta fita, Inna ta riƙo gefen rigarta.

"Likita, tsakaninki da Allah, wanga aiki da anka yi mata zai hana ta haihuwa?"

"Mama, maɗaciya daban, mahaifa daban. In ta kiyaye abinci ta warke, ba abin da zai hana sai ikon Allah."

"To nono hwa? Har abada?"

"Wanda aka cire wa mai tas za ta iya sha, kaɗan-kaɗan."

Inna ta saki rigar. Wanda aka cire wa mai, ai tsala ke nan, abin da ke saura in an kaɗe nono an kwashe man. A gidanta tsala ta masu aikin gona ce, ba ta taɓa miƙa wa baƙo ita ba. Ta matso bakin gado ta zauna.

"Ke kin san zai yi maki haka?"

"Na sani, Inna."

"Shi na kika ci?"

"Hannunki ya miƙo mani. Ba ni iya mayar da shi."

Tsohuwar ta juyar da kai ta share ido da bakin zane. Maniru na tsaye jikin bango, kunya da tausayi sun lulluɓe shi, sai da Inna ta daka masa tsawa.

"Kai kuma ka tsaya nan kamar turke! Tahi ka hwaɗa ma baffanninka su shirya zuwa Bodinga."

Sai da Fiddausi ta warke sarai aka ɗaura aure, Inna ce ma ta ce ba gaggawa. Ranar da aka kai amarya Shagari gida ya cika da dangi, manyan ƙore na kindirmo jere a tsakar gida, ƙamshin man shanu har waje. Ana cikin guɗa Inna Zulai ta ratso taron mata da sabuwar ƙwarya a hannu, ta shiga ɗakin amarya ta buɗe faifai. Wata gwaggon ango ta leƙa ta riƙe baki.

"Zulai! Tsala? Amarya guda, a gidan shanu? Mi mutane za su ce?"

"Su ce abin da sunka ga dama. Ni nik kaɗe shi da hannuna tun asuba, sau biyu, ko ɗigon mai babu. Kuma ku ji da kyau, duk wadda tas sa ma ɗiyata mai a abinci cikin gidanga, ni da ita ta."

Ta ɗaga mayafin amarya ta kai mata ludayi baki. Fiddausi ta sha, hawaye na gangarowa, tana hango Maniru a bakin ƙofa cikin farar shadda yana murmushi kamar bakinsa zai tsage.

Inna ta dafa kanta. "Sha, ɗiyata, wanga ba shi cutar ki. Allah shi ba ki lahiya mai ɗorewa, shi zaunar da ku lahiya, shi nuna mani jikokina a cinyarki."

Ɗaki ya amsa da amin, har da gwaggon.