Ɗigon Jan Farce a Injin Dattijuwa

Tau! Tau!

"Innalillahi! Sun zo!" Inna ta ƙwalla ƙara, ta danne kan Mahfuza zuwa cinyarta.

Matan da ke roron wake a bakin titi suka watsar da ƙorai, suka ranta a na kare.

Ba bindiga ba ce. Salansar Dattijuwa ce, tsohuwar fijon Malam Barau wadda ta girmi 'yarsa Mahfuza nesa ba kusa ba. Amma a hanyar Batsari zuwa Safana wa zai tsaya tambaya? Motar ta yi tari, ta yi jijjiga, ta mutu murus a tsakiyar titi. Gabas gonaki, yamma daji, ga la'asar tana kawo jiki.

Surajo, ɗan ƙanin Malam Barau, shi ke tuƙi. Ya doki sitiyari.

"Baba ka gani ko? Aikin Uwaisu ke nan! Jiya-jiya ya taɓa ta."

Mahfuza ta ɗago kai da sauri.

Uwaisu makaniken Safana ne, kuma shi ne zaɓin ranta. Da ya nemi izinin turo magabatansa, Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Makullin mota ya miƙa masa, ya ce wanda ya iya riƙe amanar Dattijuwa shi zai iya riƙe ta Mahfuza. Yau, tafiyar sunan ɗan yayarta, ita ce ranar gwaji. Shi ko Surajo ya daɗe yana lasar baki a kan Mahfuza, ita kuwa ko a kan bola ta tsince shi ba ta ɗauka.

"Na ba shi amana," Baba ya faɗa a hankali, "ya ajiye ni da iyalina a bakin daji. Magana ta ƙare."

"Baba don Allah..."

"Rufe min baki, Mahfuza!"

Hawaye na zuba ta lalubo wayarta ta kira Uwaisu. Sabis ɗin ma sanda ɗaya ce tak, tana zuwa tana tafiya.

"Hasken idona, kun iso?"

"Uwaisu mun lalace a hanya... mun wuce gadar nan... motar harbi take yi!"

"Subhanallah! Kwantar da hankalinki. Kafin ta mutu, ƙarfinta ya ragu?"

"Sosai. Ko ɗan hawa ba ta iyawa, ga zafi."

"A ba ta wuta in ji."

Surajo ya murɗa makulli yana yatsina. Injin ya kama da ƙyar, ya yi kakari, salansa ta sake tau! Inna ta dasa wani sabon salatin.

"Wannan ba mai ba ne, ba kuma filogi ba," in ji Uwaisu. "Taimin ne, wuta ce ke zuwa a makare. Mahfuzata, kin tuna jiya? Ki duba jan..."

Ɗif. Sabis ya ɗauke.

Ta kira, ta sake kira. Shiru.

Jiya... Jiya da ta kai masa ruwa a ƙofar gida, ta same shi yana juya distiributa, kan nan mai wayoyi da ke raba wa filogai wuta. Yana juyawa yana saurare, har muryar injin ta kwanta luf. Sai ya roƙi kwalbar jan farcenta, ya ɗiga ɗigo ɗaya a jikin distiributar, ɗaya a jikin injin, daf da juna. "Ni da ke ke nan," ya ce yana murmushi. "Muddin suna tare, lafiya lau."

Ta ɓalle ƙofa ta fita.

"Ke! Dawo nan!" Inna ta yi ihu.

Ina! Ta riga ta ɗaga bonet. Zafi ya daki fuskarta. Ta leƙa, ga ɗigon nan biyu jajir, amma sun rabu, tsakaninsu ya kai faɗin yatsa. Ta naɗe hannu da gefen hijabi ta taɓa distiributar, sai ga ta tana motsi sakwa-sakwa.

"Baba zo ka gani! An kwance notin nan. Wallahi a gabana ya ɗaure shi tam!"

Baba ya zo ya leƙa.

Mahfuza ta juya distiributar a hankali har ɗigon biyu suka haɗu. Amma tana saki ta sake zamewa. Dole sai an ɗaure. Baba ya zazzage buhun kayan gyara a ƙasa: jak, filaya, tsumma, igiya. Ƙaramar sifanar da ta dace da notin kuwa, sama ko ƙasa.

A lokacin ne suka jiyo shi.

Ƙugin babur, daga nesa, a guje.

Duk wanda ya san yankin nan ya san ƙugin babur da yamma yakan zama na 'yan bindiga. Inna ta fara kalmar shahada. Baba ya ja Mahfuza bayansa. Ta riƙe gefen rigarsa gam.

Surajo fa? Gogan naku zufa ta jiƙe masa farar shadda sharkaf. Ya cusa hannu a aljihu, ya zaro wani abu ya miƙa wa Mahfuza.

"Ungo! Ungo, ɗaure mu tafi! Don girman Allah yi sauri!"

Sifanar ce.

Mahfuza ta fizge, ta ɗaure notin da iya ƙarfinta. Baba da kansa ya zura hannu ya murɗa makulli. Dattijuwa ta tashi bugu ɗaya, muryarta sumul.

Babur ɗin ya ci birki a gabansu. Uwaisu ne, ko hula babu, takalmi ƙafa ɗaya.

"Kuna lafiya? Baba, Inna, ba abin da ya same ku? Mahfuza..."

Ta fashe da kuka, wannan karon na daɗi.

Baba ya juya ga Surajo. "Me sifanata take yi a aljihunka?"

"Baba... kaɗan na sassauta... so nake ta ɗan yi tari kawai, ban san za ta..."

"Da uwarka da ƙanwarka a ciki? A wannan hanyar?"

Surajo ya sunkuyar da kai. Tir!

Baba ya daɗe yana kallon Uwaisu, tun daga kansa har ƙafarsa marar takalmi.

"Ka san ko su waye ke yawo a hanyar nan, ka taho kai kaɗai?"

"Iyalina na nan, Baba," ya faɗa, sai kuma kunya ta kama shi. "Wato... iyalinka."

Inna ta yi dariya cikin hawaye. Mahfuza ta ja hijabi ta rufe fuska.

"Shiga ka ja mu," in ji Baba. "Surajo ya biyo mu da babur ɗinka. In mun isa Safana, kai ni wurin mahaifinka tun kafin mu shiga gidan suna."

Uwaisu ya zo rufe bonet. Ya ga ɗigon nan biyu manne da juna, ya ɗago ya dube ta.

"Ke kika haɗa su?" ya raɗa.

"Ni ce," ta ce, tana share ido. "Kuma na ɗaure da kyau."