Mabuɗin Ƙofar Dam

A bakin ƙaramin dam ɗin bayan unguwarsu Ammar ya fara ganin Kauthar. Tana ban ruwan alayyafo, shi yana rungume da fom. Kamfaninsu aka bai wa aikin jin ra'ayin jama'a kan mayar da bakin ruwan wurin shaƙatawa.

"Oga, takalminka ya nutse fa," ta ce tana dariya.

Washegari ya dawo, ba don fom ba.

Mahaifinta, Baba Yamusa, manomi ne ɗan Gbagyi, a nan aka haife shi. Ammar ya karanta masa tambayar: yana son a dasa itatuwa, a gyara wurin?

"Wa ke ƙin itace?" in ji tsohon, ya dangwala yatsa. Ya ƙara da cewa matarsa na kwance a gindin ɗorawar can.

Babu gurbin kabari a fom ɗin. Ammar ya cike "E", ya wuce gida na gaba.

Bayan wata huɗu rahoto ya fito: jama'a sun amince. Katafila ta share lambun, aka zagaye dam da waya. Kabarin ya koma ciki, shiga sai da tikiti. A makon ne kawunnan Ammar suka kai goron neman aure. Baba ya mayar musu da shi.

"Yaron da ya raba ni da matata da yatsana? A'a."

Ammar ya tura wa Kauthar saƙo: "Sanyin idona, wallahi ban yi da gangan ba."

Ta amsa: "Na sani, nawa. Amma ka ji shi, ba ka rubuta ba. Yau ya tsaya jikin waya yana yi wa Mama addu'a, mai gadi ya kore shi."

Ammar ya sake bin gidajen, wannan karon da farar takarda. Kabari goma sha ɗaya ya rubuto. Ogansa ya karanta, ya ce ya ɓata musu aiki, ya sallame shi. Ammar ya kai takardar gaba da kansa, ofis bayan ofis, wata uku.

Ba a dawo da lambu ba. An dai yanka ƙaramar ƙofa a jikin wayar, aka sa kwaɗo.

Ya kai wa Baba mabuɗin. Tsohon ya buɗe, ya daɗe a tsugune gindin ɗorawa.

"Gona ta tafi," ya ce.

"Ta tafi, Baba."

"Aikinka ma."

"Shi ma."

"To matso ka gai da surukarka."

Ranar Juma'a aka ɗaura aure, mutane kaɗan. Baba ya kama hannun Kauthar, ya sa mata mabuɗin a tafi, ya ɗora hannun Ammar a kai.

"Allah ya zaunar da ku lafiya. Ranar da na tafi, ta wannan ƙofar za ku shigar da ni."

"Amin, Baba," suka ce tare. Kauthar ta ɗaure mabuɗin a bakin mayafinta.