Rubutun Bayan Ƙofa

"Umma, minti biyu fa kacal! Wallahi minti biyu ne duk abin da za mu ɗauka."

Auta ce durƙushe a gaban kujera tana marairaice murya. Umma kuwa ninke kayan wanki take yi, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Na ce a'a. Ga falo, ga kicin, ga baranda, ku ɗauki duk inda kuka ga dama. Ban da ɗakin yayanki."

"Umma, firojet ɗina ne na kammala makaranta fa. Malaminmu ya ce farkon fim shi ne fim, idan minti biyun farko bai kama zuciyar mai kallo ba, to an gama. Fim ne na tsoro, ɗaki nake nema wanda da ka shiga za ka ji kamar lokaci ya tsaya."

Umma ta ajiye rigar da ke hannunta.

"Ke a wurinki ɗakin tsoro ne. Ni a wurina ɗakin ɗana ne. Tashi ki ba ni wuri."

Shekara uku ke nan da Yaya ya rasu a hatsarin mota, kuma tun ranar ba a gusar da ko takalmi a ɗakinsa ba. Kullum da safe Umma ke shiga ta share, ta buɗe taga, ta ɗan zauna, sannan ta fito ta ja ƙofa. Auta ta san haka sarai. Amma Auta yarinya ce da in ta ƙwallafa rai a kan abu, ko sama da ƙasa za su haɗu sai ta yi. A makaranta ma Darakta suke ce mata, rabi yabo rabi tsiya.

Mutum ɗaya ne ke iya tanƙwara ta, shi ma ba kullum ba. Abokin karatunta ne, mai riƙe mata kyamara, wanda saboda ƙarancin maganarsa aji kaf ke kiransa Malam Shiru. Shekara biyu suna tare, Abba ya yaba da hankalinsa, har an tsayar cewa ƙarshen wata manyansa za su zo neman aurenta. Umma kuwa, in ya zo gaisuwa, da kanta take kawo masa ruwa.

A bakin laburare Auta ta gaya masa shirinta.

"Ran Laraba Umma za ta je asibiti ganin likitan ido," in ji ta. "Daga sha ɗaya zuwa huɗu ba ta nan. Abba yana ofis. Mu shiga, mu ɗauka, mu mayar da komai yadda yake. Wa zai sani?"

"Mu za mu sani."

"Haba Malam! Wa'azi za ka fara? Na zana komai fa. Duba: yarinya ta turo ƙofa, ta shigo a hankali, kyamara tana bin ta daga baya, fanka tana juyawa da ƙyar. Sai ƙofar ta rufe da kanta, ƙiiii! Baƙi ya cika allo, sunan fim ya fito. Ka gaya min a wane ɗakin kwanan ɗalibai za mu samu wannan?"

"Tsarin hoton ya yi kyau," ya ce. "Hanyar ce ba ta yi ba."

"To in ba za ka zo ba, sai in nemi wani mai kyamarar."

Ya zo. So ke nan, yakan sa mai hankali ya bi marar ji ko don ya rage ɓarna.

Ranar Laraba su huɗu suka shiga: Auta, Malam Shiru, mai ɗaukar sauti, da ƙawarta da za ta fito a matsayin jarumar. Kafin a taɓa komai Malam Shiru ya bi gado, tebur da kabad ya ɗauke su a waya, kamar yadda aka koya musu, domin a mayar da kowane abu gurbinsa. Aka ja gado gefe, aka kafa fitila, aka ɗaura zare siriri a jikin ƙofa wanda mai sauti zai ja daga waje.

"Akshin!" in ji Auta.

Jarumar ta shigo, ƙofa ta rufe. Auta ta leƙa allon kyamara ta yi tsaki.

"Kat! Me ye wannan? Ina duhun? Ƙofar fara ce, tana mayar da hasken fitila kamar madubi!"

Nan fa matsalar take. Bayan ƙofar farin fenti ne, kuma a jikinsa akwai rubuce-rubucen Yaya da biro. Tun yana firamare ya ɗauki wannan hali na bar wa Umma saƙo a bayan ƙofa, ta yi faɗan har ta gaji ta ƙyale shi. "Umma kar ki tashe ni, yau Asabar." "Umma ni na cinye naman, ba Auta ba ce." Haka suka jeru daga ƙasa zuwa sama, rubutun yana gyaruwa yadda tsawonsa ke ƙaruwa. Na can sama shi ne na safiyar da ya fita bai dawo ba: "Umma na tafi, a ajiye min abincina."

Auta ta zaro baƙin ƙyalle daga jaka, ta ɗauko babban baƙin tef ɗin da suke manne wayoyin lantarki da shi a ƙasa.

"Ba da wannan ba," Malam Shiru ya ce da sauri. "Wannan yana ɗaye fenti. Bari in je in sayo na takarda, minti arba'in na dawo."

"Minti arba'in? Ƙarfe biyu ta wuce! Rana za ta bar tagar, Umma kuma tana hanya."

"Auta, rubutun Yaya ne."

"Yayanka ne ko nawa? Tef ne fa kawai, a hankali zan cire."

Da hannunta ta manna, layi huɗu daga sama har ƙasa, ta bi ta danne da tafin hannu don kada ƙyallen ya motsa. Sau goma sha ɗaya suka maimaita shigowar. Na ƙarshen ya fito yadda ta yi mafarkinsa, har mai sauti ya ce tsikar jikinsa ta tashi. Auta ta yi tsalle ta yi tafi.

Sai aka zo cirewa. Awa guda da rabi fitila tana gasa ƙofar, gam ɗin ya narke ya kama fentin gam. Ta ja kusurwa ɗaya a hankali, sai ta ji ƙwas. Farin fenti ya biyo tef ɗin, katako ya bayyana.

"Innalillahi..."

Ta gwada ɗaya gefen, haka. Malam Shiru ya karɓa ya gwada da reza, ya gwada da ruwan ɗumi, fentin tsoho ne, sai marmashewa yake yana zuba kamar ɓawon ƙwai. Da suka gama, abin da ya rage a ƙofar 'yan guntayen haruffa ne nan da can waɗanda ba sa karantuwa.

A haka Umma ta same su. Gado ya koma gurbinsa, takalma sun koma nasu, komai daidai da hoton waya. Umma ba ta kalli ko ɗaya ba. Ta tura ƙofar, ta tsaya a bayanta, ta ɗora hannu a kan katakon tana shafawa. Ba ta yi ihu ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi.

"Wa ya yi?"

Auta ta sunkuyar da kai.

"Ni ne, Umma," in ji Malam Shiru. "Ni na manna tef ɗin. Ki gafarce ni."

Umma ta juyo ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai? Kai da nake ba ka ruwa da hannuna? Kwashe tarkacenka ka fitar min daga gida. Ka gaya wa manyanka su huta da zuwa."

Ya kwashe, ya fita. Auta tana tsaye, kalma biyu kawai ake nema daga bakinta, ba ta furta ba.

Washegari a makaranta ta tare shi tana kuka.

"Me ya sa ka yi haka?"

"Umma ta rasa ɗa guda. Ban so ta kalle ki a lokacin ta ji kamar ta rasa na biyu. Ni baƙo ne, fushinta a kaina zai fi saurin hucewa."

"Zan gaya mata."

"Duk ranar da kika shirya. Ni dai ba za ta ji daga bakina ba."

Ba ta shirya ba. Yau ta ce sai Umma ta huce, gobe ta ce sai bayan jarrabawa. Gaskiyar magana tsoro ne, kuma ta samu mai ɗaukar mata kaya sai ta miƙe ƙafa.

Sun yi ƙoƙarin ceto abin da ya salwanta, wannan kam ba a hana su. Kwana uku suna zaune a ɗakin tace fim suna bin hotunan ɗaya bayan ɗaya ko kyamara ta kama rubutun. A ɗauka ta farko hasken fitila ya wanke ƙofar fari fat, babu abin da ke fitowa. Sauran goma sha ɗayan kuwa baƙin ƙyalle ne. A hotunan waya akwai gado, akwai takalma, amma ba wanda ya yi tunanin ɗaukar bayan ƙofa, tunda ba gusar da ita za a yi ba.

Fim ɗin ya zo na ɗaya a aji. Malami ya sa aka maimaita minti biyun sau uku, ya ce kowa ya kalli yadda ake rufe ƙofa. 'Yan aji suna tafi suna "Darakta! Darakta!", ita kuwa ji take kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Malam Shiru bai daina zuwa ba. Duk Asabar da hantsi zai zo bakin get ya aika a ce yana gaida Umma, a ce masa an ji, ya juya. Abba ya so ya sa baki, Umma ta ce in dai tana numfashi ba da ita ba. Abin da ya fi ci wa Auta rai shi ne yadda Umma ta ƙara jan ta a jiki.

"Ki daina rama a kansa, 'yar nan," takan ce tana shafa kanta. "Ke kaɗai kika rage min. Ba zan miƙa ki ga wanda bai san darajar abin mutane ba."

Sati shida aka yi a haka.

Wata safiya Auta za ta wuce sai ta ji an kira ta daga ɗakin Yaya. Umma ce zaune a bakin gado da littafi da biro, tabarau a hanci.

"Zo ki taya ni. Ina so in rubuta su kafin su gudu. Na samu na Asabar, na samu na naman, na samu na ƙarshen. Amma na uku daga sama... me ya ce ne? Kullum ina karanta shi fa, shekara uku. Yau na neme shi na rasa."

Ta yi 'yar dariya irin ta mai jin kunya, hawaye yana bin gefen tabarau.

Auta ta zube a ƙasa ta kama ƙafafunta.

"Umma ni ce! Wallahi ni ce! Ni na kawo su, ni na manna tef ɗin da hannuna. Ya hana ni, ya ce zai je ya sayo wani, na ƙi. Bai taɓa ƙofar ba sai da ya zo taya ni cirewa. Umma ki yafe min!"

Umma ta cire tabarau ta ajiye.

"Ƙofar kuskure ne, Auta. Yaro yakan yi. Amma sati shida kina zaune a gabana, kina cin abinci da ni, kina ji ina zagin ɗan mutane, yana zuwa bakin get ina kora shi kamar ɓarawo? Wannan ba kuskure ba ne."

"Na ji tsoro, Umma."

"Shi bai ji tsoro ba?"

Auta ta kifa kai a ƙafafun Umma tana kuka.

Ranar Asabar da ya zo, Umma da kanta ta fita bakin get. Ya durƙusa zai gaishe ta, ta ce ya tashi.

"Ɗana, ni ce da neman gafara. Na zalunce ka."

"Haba Umma, ai ni ma ƙarya na yi miki. Kuma da na tsaya a kan a'a tun farko, da duk ba a kai nan ba."

"Wannan kuma gaskiya ne, kar ka ƙara. Shigo ciki. Ka ce wa manyanka ina jiran su." Ta waiwaya ta kalli Auta da ke laɓe a bayan labulen taga. "Ke kuma ki gode wa Allah. Ba halinki ne ya samo miki shi ba."

Bayan wata huɗu aka yi auren. Mahaƙurci mawadaci, Malam Shiru ya samu matarsa, ya kuma samu matsayi a zuciyar Umma wanda ko Auta takan yi kishinsa. Umma ta yafe wa 'yarta, yafiya ta gaskiya, ba ta ƙara tayar da zancen ba ko sau ɗaya.

Sai dai yafiya ba ta mayar da fenti. Duk wanda zai taɓa abin da iyaye suka ce kada a taɓa, ya fara tambayar kansa ko ya san abin da suke gani a ciki, kuma in ya yi ɓarna ya faɗa da bakinsa tun da zafinta, kada ya bar mai ƙaunarsa ya sha dukan. A littafin Umma saƙonni goma sha huɗu suka samu shiga. Layi na uku daga sama ta bar shi fili, ta ce ko wata rana zai faɗo wa ɗayansu. Duk zuwan da Auta ta yi gida sai ta buɗe shafin ta zauna tana matsa ƙwaƙwalwarta, kuma har yau ba ta tuna ba.