Wadda Ba Ta Miƙa Kyandirinta Ba

Ana gobe za a yaye su, da yamma lis, Sista Babba ta aiki yayata ta je ta ƙirga rigunan biki, ta ware waɗanda ke buƙatar guga. Makarantar kwana ce ta Katolika, 'yan mata zalla, kuma yayata ce mai riƙe da makullan coci a shekarar, saboda ba ta da mantuwa. Har malamai 'Yar Makulli suke ce mata.

Makarantar tana da wata al'ada da ta girmi duk Sistocin da ke cikinta. Ranar yaye, 'yan ajin ƙarshe sukan sa fararen riguna dogaye, kowacce da kyandir a kunne, su shigo coci a jere suna waƙa. A gaban bagade kowacce za ta tsaya gaban ƙanwarta ta makaranta, yarinyar da ta riƙe tun shigowarta, ta miƙa mata kyandir ta ce, "Na gama nawa, ga naki." Ƙanwar ta amsa, "Na karɓa." Sai bayan nan ake buɗe musu babbar ƙofa su fita. 'Yan matan sukan tsokani juna cewa wadda ba ta miƙa ba, ba ta gama makaranta ba, ko da ta yi jikoki.

Rigunan suna wani ɗaki ne a ƙarƙashin coci, sau ɗaya ake buɗe shi a shekara. Ƙawar yayata da suke kira Barkono ta yi alkawarin raka ta, amma da lokaci ya yi sai aka tarar an tsefe mata rabin kai ana kitso. Ta ce yayata ta yi gaba, in ta ga ɓera ta gaishe shi. Yayata ta yi tsaki, ta tafi ita kaɗai.

Matakala bakwai ce daga bayan coci zuwa ƙofar. Ta buɗe, ta kunna ƙwan fitila guda da ke reto daga rufi. Warin kafur ya tare ta, da na danshi, da tsohon turaren wuta da ya kama bango. Ɗakin ba taga. Rigunan suna rataye a jikin dogon ƙarfe, daga bakin ƙofa har ƙurya. A sama tana jin mawaƙa suna gwajin waƙar gobe, malaminsu yana buga benci yana cewa a sake.

Su talatin da takwas ne a ajin. Ta bi rigunan tana taɓa kafaɗar kowacce, ta samu talatin da tara. Ta ce ko ta maimaita wata ne, ta sake daga ƙurya. Talatin da tara. Ta ƙarshen ta fi sauran dafewa, ta yi ruwan ƙasa, kuma ɗinkin wuyanta ba irin nasu ba ne.

Sai ƙararrawar ƙarfe shida ta fara bugawa.

A makarantar, in ta buga, kowa tsayawa yake inda yake ya yi addu'a. Mai shara ta ajiye tsintsiya, mai gudu ta tsaya cak. Waƙar sama ta yanke. Yayata ma ta sunkuyar da kai, ta yi alamar gicciye.

A cikin wannan shirun ƙofar ta rufe a bayanta. Ba iska ce ta buga ta ba. A hankali ta tafi, kamar yadda uwa ke jan ƙofa in jariri ya yi barci.

Ta ɗauka Barkono ce. Ta ce mata ta daina, ba ta son irin wannan wasan. Ba amsa. Ta murɗa hannun ƙofar, bai motsa ba. Ta zura makulli daga ciki. Ya yi ta juyawa, ya yi ta juyawa, bai kama komai ba, kamar ta sa shi cikin ruwa.

Ta buga ƙofar da tafin hannu. Ta yi kira. Muryarta ba ta je ko'ina ba, rigunan suka shanye ta.

Ƙwan fitilar ya yi ja, ya dushe, ya mutu.

Ta jingina bayanta da ƙofar. Ƙararrawa ta gama. Ta jira waƙa ta dawo, ko takun mutane a saman kanta. Ba abin da ya dawo.

Can ƙurya, wani abu ya yi ƙara ƙiii a jikin ƙarfen. Ƙarar da hangar rataye kaya take yi in an ja ta.

Sai shiru.

Sai ƙarar yadi, kamar mutum na zura kai cikin riga, yana gyara hannuwa.

Warin kafur ya kau. Warin kyandir mai ci ya maye gurbinsa.

Wani hasken kyandir ya taso daga ƙurya, ɗan ƙarami, bai kai ƙwayar wake ba. Ba ya rawa. Ba ya haska bango. Abin da kawai ya nuna shi ne yatsun da ke riƙe da shi, sirara, farare fat da daskararren kakin da ya zubo ya rufe su har wuyan hannu, layi a kan layi, kamar an yi shekara da shekaru ana riƙe da shi. Sama da wuyan rigar duhu ne. Yayata ba ta ɗaga ido ta bincika ba.

Mai riƙe da kyandirin ta fara tahowa. Taku ɗaya, ta tsaya. Taku ɗaya, ta tsaya. Tafiyar shiga coci ce, wadda suka yi mako biyu suna koyo. Tana rera waƙar a maƙogwaro, ba kalmomi, kuma duk rigar da ta wuce sai ta juyo a kan hangarta ta bi ta da kallo.

Yayata ta fara "A gaishe ki Maryamu," ta kai tsakiya, sauran ya ɓace mata. Addu'ar da take yi kullum tun tana 'yar shekara huɗu.

Ta zame daga jikin ƙofar ta bi bango, tana laluben ko me. Bulo mai sanyi. Bulo. Akwatin kyandirori ya buge mata gwiwa. Ta kai lungu, ba sauran wurin zuwa.

Hasken ya juyo ya biyo ta.

Ya tsaya dab da ƙirjinta. Ba zafi a jikinsa. Sanyi yake fitarwa.

"Ƙanwata," in ji muryar, can ƙasa, a dishe, kamar ta wadda ta daɗe ba ta yi magana da kowa ba. "Na daɗe a tsaye."

Yayata ta cusa hannuwanta biyu a hammata ta matse.

"Na gama nawa. Ga naki."

Ta san amsar. Shekara shida tana jin ta, ita ma ta taɓa faɗa. Ta ji bakinta yana buɗewa da kansa, harshenta yana haɗa kalmar. Ta cije shi har ta ɗanɗani jini.

"Ga naki."

Yatsun suka kama gwiwar hannunta na hagu. Suka fara ja. Ba da ƙarfi ba, da naci. Hannun ya fara zamewa daga hammatarta.

"Karɓi, in tafi gida."

A nan ta gane. In ta karɓa, waccan za ta fita. Ita kuma za ta tsaya.

Ta turje, ta danna bayanta da bango iya ƙarfinta, sai ta ji ba bulo ba ne a wurin. Katako ne, yana lotsawa. Ta ja jiki ta doka kafaɗa. Ta sake. Wani abu mai sanyi ya ɗiga a bayan hannunta. A karo na uku ruɓaɓɓen katakon ya fashe, ta faɗa ta baya cikin ƙura da yanar gizo, ta mirgina kan wata tsohuwar matakala da ba ta taɓa sanin da ita ba. Da rarrafe ta hau. Kanta ya bugi ƙofar wani kabad, ta faɗo cikin ɗakin da Fada, limamin cocin, ke sa kayan addu'ar Misa, a gaban Sista Babba da ke goge kofin azurfa.

Agogon bango ya nuna shida da minti huɗu. A cikin coci mawaƙa suna ta waƙarsu.

Sista Babba ba ta yi ihu ba, ba ta tambayi me ya faru ba. Ta ajiye kofin, ta durƙusa, ta kama hannun yayata ta juya shi, ta daɗe tana kallon ɗigon kakin da ya daskare a kai. Tsohuwa ce da ba wanda ya taɓa ganin tsoro a fuskarta, sai ranar.

"'Yata, kin karɓa?"

"A'a, Sista."

"Kin tabbata?"

"Ban karɓa ba."

Washegari aka yi yaye da kayan makaranta na kullum, ba farar riga ko ɗaya. Yayata tana ɗakin jinya da zazzaɓi, Baba ya zo ya ɗauko ta a mota. Kafin sabon zango aka kira magina suka toshe ɗakin da bulo, da rigunan da komai a ciki, Fada ya yayyafa ruwa mai tsarki a wurin. Ba wanda ya taɓa gaya wa ɗalibai ko rigar wace ce.

Yanzu yayata ma'aikaciyar jinya ce, da 'ya'ya uku. A gidanta ba ƙofar ciki da ke da makulli, ta sa kafinta ya cire su duka. Yatsu biyu na hannunta na hagu ba sa miƙewa, likitoci sun duba ba su ga dalili ba.

Bara, muna wanke-wanke a bayan gidanta, na tambaye ta ko har yanzu tana tuna ranar. Ta ce tana tuna komai, warin, da muryar, da fashewar katakon. Ta ɗauraye kwanon da ke hannunta, ta kife shi.

"Sai dai tsakanin dukan katakon na biyu da na uku," ta ce, "akwai ɗan wurin da ban tuna ba. Na ce wa Sista ban karɓa ba. Amma ni kaina ban sani ba."