Littafi Na Huɗu a Jerin Vilimaina

Ranar Asabar da hantsi Vilimaina na zaune a ƙofar kicin tana gurzar kwakwa, mahaifiyarta Litiana na gefe tana tsinke ganyen gwaza na miyar rana, sai suka ji mota ta ci burki a ƙofar gida har kaji suka watse.

Baffa Waisale ne, ƙanin mahaifin Isikeli, saurayin da za ta aura bayan Kirsimeti. Shi ya riƙe Isikeli tun rasuwar mahaifinsa, shi kuma ya kawo tabuwa gidan nan, haƙorin babban kifin teku da ake neman aure da shi. Isikeli na biye da shi, kai a ƙasa.

"Sannu da zuwa, Baffa," in ji Vilimaina, ta durƙusa. "Bari in shimfiɗa tabarma."

"Riƙe tabarmarki! Ke ce kika shiga rediyo jiya kina zagina?"

"Ni? Ban ko ambaci sunanka ba, Baffa."

Vilimaina ma'aikaciya ce a laburaren garin. Duk farkon wata takan shiga gidan rediyo ta faɗi littattafai huɗu da take ganin ya kamata mutane su karanta, sannan duk Juma'a ta karanto ɗan wani abu daga ciki. Na wannan watan akwai na girki, mai koyar da abincin rogo da madarar kwakwa irin na kakanni. Akwai na lambu, kan yadda ake ceton gwaza idan ruwan gishiri ya shiga gona. Akwai na waƙoƙin wata tsohuwar malamar makaranta. Na huɗun kuwa labarin gaskiya ne, na wasu ƙauyuka da suka ba kamfani izinin kwasar tsakuwa a koginsu, da abin da ya same su daga baya.

Matsalar ita ce Baffa Waisale ya yi wata uku yana bin dangi gida-gida, yana neman su sa hannu a ba wani kamfani kogin ƙauyensu. An yi masa alkawarin kujera a kamfanin, har sabuwar mota an ba shi.

"Ranar Juma'a za ki koma," in ji shi, yana kaɗa mata yatsa. "Ki ce kuskure kika yi. Ki tsaya kan girkinki da waƙe-waƙenki, abin da ya dace da mace ke nan!"

"Baffa, ban ce kowa ya ƙi sa hannu ba. Cewa na yi a karanta. Idan littafin ƙarya ne, ka nuna mini shafin, ni da kaina zan faɗa wa duniya."

"Ke Vili, yi shiru!" in ji Litiana. "Ka yi haƙuri, yarinya ce—"

"Shekarata ashirin da shida, Nana. Ba zan cire shi ba," Vilimaina ta amsa wa mahaifiyarta, wadda take kira Nana.

Baffa ya yi wata dariya marar daɗi. "To, a fito mini da tabuwata."

Litiana ta shiga ɗaki tana kuka, ta fito da ita naɗe a ƙyalle. Vilimaina ba ta dubi Baffa ba, Isikeli take kallo. Jira take ya buɗe baki ko da kalma ɗaya ce. Shi kuwa ya kafe babban yatsan ƙafarsa da ido, har aka ce masa ya wuce mota, ya wuce.

Wannan shirun ya fi komai ƙona mata rai. Ta koma kan kwakwarta ta ci gaba da gurza, hawaye na ɗiga a cikin kwano.

"Littafi ɗaya!" Litiana ke faɗa. "Saboda littafi ɗaya za ki rasa miji? Ki je ki durƙusa, ki ba da haƙuri, a rufa asiri!"

"Nana, a kogin nan kike kamo mana jatan lande tun ina goye. Idan na yi ƙarya yau don a aure ni, da wace fuska zan zauna a gidan?"

Juma'a na zagayowa ta shiga rediyo, ta karanto babi guda daga littafin kogin. A kasuwa aka dinga nuna ta da baki. A coci, matan gidan Baffa suka tashi daga bencin da ta zauna. Ta rame, ta daina cin abincin kirki, amma littafin na nan inda ta ajiye shi, a kan teburin gaba, daidai ƙofar shiga.

Sati uku cif sannan Isikeli ya leƙo laburare, takalmansa duk laka.

"Vili—"

"Malam, nan wurin karatu ne. Idan littafin gwaza kake nema, yana shiryayye na biyu."

"Haba, Vili. Sori mana."

"Sori? Sori za ta mayar mini da mutuncina? A gabanka aka sa Nana kuka, kana tsaye kamar turken akuya!"

"Shi ya raine ni. Bakina ne ya mutu."

"To, ka je ka auri Baffanka!"

Can ya miƙa hannu ya ɗauki littafin kogin. "Buga mini hatimin aro. Zan gani da idona."

Isikeli ba gwanin karatu ba ne, a aji takwas ya bar makaranta. Kwana goma sha biyu ya yi yana bin littafin da yatsa. Da ya gama, ya tafi da shi wurin da maza ke zaman shan kava, abin shansu na gargajiya, da yamma, ya nemi izinin dattawa, ya fara karantawa da ƙarfi, yana tuntuɓe a kan manyan kalmomi. Samari suka fara dariya. Da ya kai inda rijiyoyin mutanen suka koma ruwan gishiri, dariyar ta ɗauke.

Washegari Baffa ya watso masa kayansa waje, ya kuma karɓe gonar gwazar da yake nomawa. Isikeli ya koma dako a tashar jirgin ruwa, yana kwana a shagon wani abokinsa. Ya zo wa Vilimaina da kafaɗa duk ta saɓule.

"Mu gudu birnin Suva kawai," in ji shi. "Mu ɗaura aure a ofis, kowa ya huta."

"Ban yi sata ba, ba zan gudu ba. A cocin ƙauyenku za a ɗaura, da rana tsaka, mahaifiyarka na zaune. Ko shekara nawa ne zan jira."

Kirsimeti ya zo ya wuce, babu biki.

Ashe akwai abin da Baffa bai lura da shi ba. Matan ƙauyen kan shigo laburare ranar kasuwa su ari littafin girki, wasu na lambu. Da ɗaya da ɗaya suka fara tambaya ƙasa-ƙasa: "Wancan ɗin fa, na rigimar, yana nan?" Har bangonsa ya yage, Vilimaina ta manne shi sau biyu. Wata Talata ta ɗaga kai, sai ga Salanieta, mahaifiyar Isikeli, da kwandon kasuwa a hannu.

"Idona ya yi rauni, 'yata," in ji tsohuwar. "Karanta mini inda kifi ya ƙare."

Vilimaina ta ja mata kujera, ta karanta. Tsohuwar ta share ido da gefen zaninta, ta tashi ta tafi.

Ranar taron dangi Baffa ya baza takardu a kan tabarma, mutumin kamfani na gefensa yana murmushi. Vilimaina ba 'yar dangin ba ce, don haka a waje ta tsaya, gindin bishiyar mangwaro, inda take jin komai. Aka miƙa wa Salanieta biro, ta ajiye shi a ƙasa.

"Waisale, a kogin nan na wanke ɗan yayanka ranar da na haife shi. Ba zan sa hannu ba."

"Mace ce za ta—"

"Mace ce! Kuma ba ni kaɗai ba!"

Mata suka bi bayanta, sai samari, sai dattawa biyu. Hannun da aka samu bai kai ko rabin abin da ake bukata ba. Mutumin kamfani ya tattara takardunsa. Kafin sati ya fita, an zo an ɗauke motar.

Kamfanin ya koma wani ƙauye a bayan dutse, can aka sa masa hannu. Da ruwan watan Maris ya sauko, gaɓar koginsu ta zabtare, ta tafi da gonaki da rabin maƙabarta. Isikeli na cikin waɗanda suka je taimako, ya dawo ya kasa cin abinci. Baffa ma ya je. Da ya dawo ya kulle kansa a ɗaki kwana biyu.

Bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, ba halinsa ba ne. Sai dai ya mayar wa Isikeli gonarsa, ya kuma turo dattawa gidan Litiana neman sulhu. A watan Yuni aka ɗaura auren a cocin ƙauyen, da rana tsaka. Wajen cin abinci Baffa ya tsaya a gaban amarya yana hura hanci.

"Taurin kanki ya yi yawa, yarinya."

"Na gode, Baffa."

"Ba yabonki na yi ba!"

Jama'a suka kwashe da dariya, har shi ma sai da ya kau da kai yana murmushi.

Litiana, wadda ta fi kowa kuka a farko, ita ta tara 'yan matan amarya a gefe. "Ku dube ta da kyau," in ji ta. "Ni na ce ta durƙusa ta yi ƙarya, ta ƙi. Ba ta zagi babba ba, ba ta gudu ba, ba ta kuma saki gaskiya ba. Wata tara tana jira da ciwo a zuciya. Duk wanda zai so ku, ku bari ya same ku a kan gaskiyarku. Idan na kirki ne zai iso, ko da ya makara."