Waye Na Ƙarshe?

"Waye na ƙarshe?" Osmel ya tambaya da ya iso ƙofar ofishin magatakardan jami'a.

Wata yarinya mai jar riga ta ɗaga hannu daga gindin mangwaro. "Ni ce."

Mu a Kuba ba ma jeruwa a layi kamar sojoji. Kana riƙe fuskar na gabanka ne, ka je ka nemi inuwa, kada dai ka bari ya ɓace maka. Osmel, ɗalibin likitan dabbobi a shekarar ƙarshe, bai taɓa samun aikin da ya yi masa daɗi kamar wannan ba. Ya zuba mata ido har ta gaji ta ce masa ba guduwa za ta yi ba.

Sunanta Yaimara. Kafin rana ta take sun raba kofi ɗaya, ta kuma zazzage masa duk abin da ke cikinta game da matar da ke bayan taga. Tagogi uku gare su, biyu a rufe, ita kaɗai ke riƙe da hatimi, ga mataimaka biyu suna firfita. Ɗaliban da ke zuwa daga kan duwatsu kuwa, motar ƙauye ta sha tafiya ta bar su.

Osmel ya yi ta gyaɗa kai. Da layi ya zo kansa sai ya leƙa tagar ya ce, "Sannu da aiki, Mama."

Da ƙasa za ta tsage, da Yaimara ta shige. Mama Odalis ce, mahaifiyar Osmel, wadda ta fi shekara talatin a tagar nan, kuma ko ɗan da ta haifa sai ya bi layi.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Ta gabana, an ce in riƙe fuskarki. Har yanzu ban saki ba."

Ta amsa: "Na bayana, kai mugu ne. Ka bar ni ina ta zuba."

Haka sunayen suka bi su. Yana ɗaukar ta a bayan kekensa, suna shan ruwan rake a bakin kasuwa, ran Lahadi kuma ta ci shinkafa da baƙin wake a gidansu. Mama Odalis ta ce yarinyar tana da ladabi, sai dai idonta ya cika kallon abubuwa.

Gaskiyarta. Abin da Yaimara ta kasa faɗa shi ne ita ba ɗaliba ba ce. Ma'aikaciya ce a sashen da ke duba ingancin ayyukan jami'a, kuma an tura ta ne ta zauna cikin ɗalibai ta ga yadda ake yi da su a ɗakin karatu, da wurin abinci, da tagar Mama. Ranar Alhamis za ta tsaya gaban shugaban jami'a da dukan ma'aikata ta faɗi abin da ta gani. Sai ana gobe taron ta gaya wa Osmel.

Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya tambaye ta ko kofin da suka sha ma cikin aikin yake. Da ya ga hawayenta sai ya sauko, ya roƙe ta ta tsallake maganar tagar, ko ta sassauta.

"Rayuwata, wannan tagar ita ce mutuncinta."

"Na sani," ta ce. "Amma in na yi shiru don ina son ka, gobe ma wata za ta kwana a tasha."

A taron ta fara da cewa babu takardar da ta taɓa fita daga hannun Mama Odalis da kuskure. Sannan ta faɗi sauran: a buɗe tagogin nan biyu, a ba mataimakan hatimi, a kafa rumfa da benci, a fara sallamar 'yan ƙauye. Mama ba ta ji yabon ba, sauran kawai ta ji. Ta ɗauki jakarta ta fice, a gida kuma ta ce muddin tana raye mai jar rigar nan ba za ta zama surukarta ba.

Lahadin da ta biyo Lisandra 'yar maƙwabta ce a kujerar Yaimara, ta sha kwalliya, tana yabon waken tun kafin ta ɗanɗana. Osmel ya ci abincinsa kamar mai shan magani.

Shi ma fa ya yi fushinsa na mako biyu. Abin da ya karya shi, wata safiya ya ga wani ɗan ajinsu daga kan dutse ya karɓi takardarsa kafin kofinsa ya huce, yana ta juya ta don bai yarda an gama ba. A nan ya tsaya ya rubuta: "Ta gabana, na bar wurina a layi don wauta. Ko akwai sauran wuri?"

"Na riƙe maka," ta amsa. "Amma ka yi sauri, ana ta tambaya."

Mama Odalis kuwa ba ta ce komai ya gyaru ba. Sai dai ta fara dawowa gida da sauran ƙarfi, ƙafafunta sun daina kumbura, ɗalibai har gwaiba suke ajiye mata a taga. In an yi maganar sai ta ce sauyin yanayi ne. Da Osmel ya durƙusa ya gaya mata ran Asabar shi da Yaimara za su je ofishin ɗaurin aure su karɓi rana, kuma ba ya son zuwa ba da albarkarta ba, tashi ta yi ta shiga kicin.

Layin ofishin nan kowa ya san shi, in ba ka yi sammako ba sai wani makon. Su kuma keken ya yi musu faci a hanya, suka iso rana ta ɗaga, jama'a har bakin titi. Yaimara ta riga ta fid da rai.

"Waye na ƙarshe?" Osmel ya tambaya.

Wani tsoho ya ce shi ne, sannan ya ƙare musu kallo. "Ku ne yaro mai keke da yarinya mai jar riga? Ai ku kuna can gaba. Wata mata ta kama muku wuri tun ba a buɗe ba, ta kuma hana kowa sakat."

Tana can dab da ƙofa, gumi ya jiƙa mata riga, tana firfita da kwali. Matar da ta fi shekara talatin a cikin taga, yau ga ta a wajenta. Ko kallon ɗanta ba ta yi ba, hannun Yaimara ta kamo.

"Zo nan, 'yata. Dubi rashin imani. Tagogi uku, ɗaya suka buɗe, mutane na gasuwa a rana." Ta share wuyanta. "In an gama bikin, ki zo ki yi musu irin abin da kika yi mini."

Yaimara ta fashe da dariya, hawaye na bin kumatunta, ta kwantar da kai a kafaɗar da ke jiƙe da gumin.

A watan Disamba aka ɗaura auren. An gasa alade, an yi rawa a tsakar gida, mataimakan nan biyu ne suka yi shaida. Mama Odalis ta ɗora hannu a kan ango da amarya ta ce Allah ya ba su zaman lafiya, ya ba su 'ya'ya masu faɗin gaskiya, amma masu zaɓen ranar faɗinta. Kowa ya ce amin, amaryar ta fi kowa ɗaga murya.